Soyayyen baƙin wake irin na Meksiko, ba kitse ba cuku

A Meksiko da kitsen alade aka saba soya waken da suke kira frijoles refritos, a barbaɗa cuku a kai. Mutanen kudancin ƙasar, irin jihohin Oaxaca da Yucatán, baƙin wake suka fi amfani da shi. Ni da man gyaɗa nake yin nawa, babu abin dabba ko ɗaya a ciki, kuma na gane cewa in an cire kitsen, daɗin ya koma kan abu biyu: romon dahuwar waken da albasar da ta soyu sosai.

Wannan wake ba jinsin farin wakenmu ba ne. Bawonsa ya fi kauri, ya fi jimawa a wuta, kuma ba a surfa shi, don launi da ƙamshin suna jikin bawon. Nakan tsince kofi 2, kusan giram 400, in jiƙa awa 8. Sai in zuba a tukunya da ruwa lita 2, rabin albasa, tafarnuwa ƙwaya 3 da gishiri ƙaramin cokali ɗaya da rabi. Ya tafasa da ƙarfi minti 10, sannan in rage wuta ya ci gaba da dahuwa awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Can Meksiko suna jefa wani ganye, epazote, a Oaxaca kuma har da ganyen fiyarsu. Ko babu su yana yin daɗi.

Ya nuna ne idan ƙwaya ta murje tsakanin yatsu ba tsaki-tsaki. Waken da bai nuna ba, suya ba ta gyara shi. Abin da ya fi hana shi laushi shi ne tsufa a rumbu, sai kuma tsami: tumatir ko lemun tsami in suka shiga da wuri, bawon yakan ƙanƙame. In ya ƙi nuna, nakan sa kanwa ɗan mitsitsi. Ta yi yawa, ɗanɗanon ya koma na sabulu.

Romon nan baƙi mai kauri, kada a zubar da shi. Nakan tsame waken in ajiye romon a gefe da zafinsa.

A kasko mai faɗi nake zuba mai babban cokali 4. Rowar mai ita ke sa waken ya fito a bushe, yana shaƙe wuya. Albasa ɗaya yankakkiya ƙanana ta soyu a matsakaiciyar wuta minti 10 zuwa 12, har ta yi ja-ja-ja. Sai tafarnuwa dakakkiya, garin kumin (wani kayan ƙamshi) ƙaramin cokali da attarugu ɗaya, rabin minti kawai, domin tafarnuwa in ta ƙone ɗaci take bazawa cikin kaskon duka.

Ba na juye waken gaba ɗaya. Ludayi biyu na wake da ludayi ɗaya na romo, in dagargaza da bayan ludayi, in bari ya kama mai, sannan in ƙara. Blanda tana ba da sulɓi, amma na fi son wanda ake jin ɗan gutsuren wake. Ana juyawa ana kankare gindin kasko, don yana saurin kamu.

Nakan sauke idan na ja cokali a tsakiya, hanyar ta tsaya jim kaɗan kafin ta rufe. A lokacin zai yi kamar ya ɗan yi ruwa, amma yana hucewa yake ƙara kauri, saboda sitacin yana shanye ruwan. Bayan an sauke ne ake ɗanɗana gishiri a matsa rabin lemun tsami.

Da tortiya, wato siririyar gurasar Meksiko, ake ci, ko da shinkafa. Ragowar na kwana 3 zuwa 4 a firji. Wajen ɗumame a zuba romo ko ruwan zafi cokali biyu-uku, a rage wuta ana juyawa.