Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Azumin da Ƙwannafi Ya Kama Ni

Makon jiya na tsaya a inda maigidana ya sallame ni na buɗe shagon ɗinki na kaina. A azumin farko da na yi a shagon ne ƙwannafi ya kama ni.

Duk tela ya san goman ƙarshe. Kaya jibge a kan tebur, masu ɗinkin Sallah na ta sintiri, barci sai na sata. Da an kira sallah in ci ƙosai da soyayyen dankali, in kora da lemon kwalba mai sanyi har biyu. Bayan asham a dafa mana shayi mai kauri da na'ana'a. Wajen ƙarfe biyu in miƙe a tabarma bayan keke, ciki dam.

Daren 23 ga wata na zabura da wani ruwa mai tsami a maƙogwaro, ƙirjina kamar an zuba garwashi, ina ta tari. Da safe maƙwabcina mai shagon tireda ya ce in bar lemo in koma ruwan soda, wanda babu sukari, wai zai sa ni gyatsa cikin ya sauka. Na yarda, don kuwa da na sha sai gyatsa ta zo, in ji sakayau. Ba a jimawa zafin ya dawo fiye da dā. Inna ta jiƙa mini kanwa, ita ma ta ɗan lokaci ce.

Bayan Sallah maiɗakina ta matsa sai na je asibiti. Likitan ya tambayi sana'ata, sannan ya ce, "Malam, ai ka san zariyar wando." Ya ce a inda hanyar abinci ta haɗu da tumbi akwai tsoka mai tsuke bakin kamar zariya, don kada ruwan asid na ciki ya hauro. Gas ɗin da ke cikin soda yana kumbura tumbi, sai zariyar ta saki don iska ta fita, asid ɗin ya biyo ta. Ashe gyatsar da nake murna da ita ce ke buɗe ƙofar. Lemon kwalba kuwa ga gas ga tsami. Shayi mai kauri, kofi, na'ana'a da abinci mai maiƙo su ma suna iya sassauta tsokar. Game da kanwa ya girgiza kai, ya ce yawan shanta ba alheri ba ne, musamman ga mai hawan jini.

Abin da ya fi burge ni, bai hana ni komai a dunƙule ba. Ya ce kowa da abin da ke tayar masa, in riƙa rubuta abin da na sha har mako 2. Ya rubuta mini omeprazole, maganin rage asid na ciki, in sha minti 30 kafin karin kumallo, in bar awa 3 tsakanin cin abinci da kwanciya, in riƙa kwanciya ta gefen hagu. In kuma na ga haɗiya na yi mini wuya, ko baƙin bayan gida, ko rama ba dalili, in dawo nan take.

A bayan littafin awo na yi rubutun. Zobo, da na fi zargi, bai dame ni ba in an tsinka shi na sha da rana. Kunun gyaɗa lafiya lau. Duk ranar da na rubuta mai gas kuwa, daren da zafi. Rabuwa da shayin dare ta fi yi mini ciwo, don a nan ake hira.

Na sa bulo ɗai-ɗai a ƙarƙashin ƙafafun gado ta wajen kai, na ajiye randa a shago. Mako mai zuwa zan ba ku labarin yadda na ɗauki yarona na farko.