Tuban da bai taɓa mudu ba

A babbar kasuwar Garwa nake sayar da dawa da masara, shi ya sa Amos 8 ke kama ni duk lokacin da aka karanta shi a ikilisiyarmu. Annabin yana faɗa da 'yan kasuwar Isra'ila masu ɗokin Asabar ta wuce su koma ciniki, suna rage mudu, suna ƙara kuɗi, har dusar alkama suna sayar wa talaka. Ubangiji ya rantse ba zai manta da ayyukansu ba.

Wannan rantsuwa tana tsorata ni. Na san mudun da aka buga wa gindi don ya ci ƙasa da yadda ya kamata. Na san masu shi, wasunsu ranar Lahadi su ke gaba wajen waƙa.

Ku dubi Zakka a Luka 19. Shugaban masu karɓar haraji ne a Yariko, mai dukiya. Da Yesu ya sauka gidansa, sai ya miƙe ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda ya cuta kuma zai mayar masa ninki huɗu. A ranar Yesu ya ce ceto ya shigo gidan.

'Yan'uwa, 2 Korintiyawa 5:10 ta ce dukanmu za mu bayyana gaban kursiyin shari'ar Almasihu, har da mu masu awo a Garwa.