Tsohon injin da ya haɗa ni da mutanen Leicester

Wanda ya taso a Panteka ta Kaduna, shiru ne abu na farko da zai dame shi a Leicester. Can ƙarar guduma da walda ba ta yankewa daga safe har magariba, kuma ko noti ne ya ƙi kwancewa, kafin ka ɗaga kai mutane sun tsaya a kanka kowa da shawararsa. Nan aikin masana'anta na samu, ba laifi, sai dai kwamfuta ce ke tafiyar da injin. Nawa in ɗaura ƙarfe, in danna, in auna, in sauke. Ana tashi kowa ya faɗa motarsa. 'Yan gida kuwa ba abin da suke tambayata sai ko na ga filin da Ahmed Musa ya buga ƙwallo. Na gan shi, daga waje.

Kewar aikin hannu ce ta sa, da muka kama gidan haya mai gareji, na sayi tsohon injin feƙe ƙarfe ƙirar Bridgeport. Asalinsa na Amurka ne, amma kamfanin Adcock & Shipley ya daɗe yana ƙera shi a nan garin. A ƙasar nan tsohon ƙarfe araha gare shi, lokacin mutum ne mai tsada. Injin ya kusa tan guda, kuma kuɗin da mai motar ɗaukar kaya ya yanka min sai da na nemi wuri na zauna. Ga wutar gida layi ɗaya ce mai ƙarfin 230, shi kuma layi uku yake so, dole na haɗa masa inbata mai mayar da layi ɗaya ya zama uku. Uwargida ta leƙo ta ce, "Baban yara, yanzu wannan ƙaton ne kishiyar tawa?"

Teburin injin yana tafiya ne a kan doguwar sandar sukuru mai ratsa notin tagulla. Shekaru sun cinye tiredin tsakiya, inda aka fi aiki. Ka juya hannu, teburi na tsaye, sai ka ci wani rabo na zagaye kafin ya motsa. Wannan wasan kowane tsohon inji yana da shi, kuma a Panteka mun iya zama da shi: kullum ka nufi awonka ta ɓangare ɗaya. Amma na wannan ya wuce misali. In na matse notin, tsakiya ta yi daidai, baki da baki su ƙage.

Maganin a Abbey Park, wani lambun shaƙatawa na garin, na samo shi, inda wasu dattawa ke ɗaukar yara a ƙananan jiragen ƙasa da suka ƙera da hannunsu. Na tsaya ina kallon ƙafar wani jirgi, mai shi ya lura ba kallon baƙo nake yi ba. Tsohon ma'aikacin inji ne da ya yi ritaya. Baba nake ce masa, shi kuma ya nace in kira shi da sunansa gatsau, abin da har yau bakina ya ƙi. Shi ya ce in sa sukuru mai boris.

A irin wannan sukurun ƙarfe ba ya gugar ƙarfe. Ƙananan ƙwallayen boris ne ke gangarawa a kwarin tiredi, in sun kai ƙarshen noti su bi wata 'yar hanya su dawo farko. Wajen kashi 90 cikin 100 na ƙarfin da ka sa yana isa teburi, tsohon kuwa ko rabi ba ya kaiwa. Na yi odar masu matakin C7, waɗanda kuskurensu bai wuce milimita 0.05 a tsawon milimita 300 ba, da noti biyu masu matse juna don kashe wasa.

Baba bai zo haka kawai ba, sai da muka sa rana da lokaci, kamar ganin likita. Abu na farko da ya yi, ya ɗora hannu a kan notin ya ce kada in kuskura in zare shi daga sandar ba tare da na zura bututun da ya zo da shi ba, in ba haka ba ƙwallayen su watse a ƙasa. Mun janye teburin a kan benci mai taya, muka cire tsohon mazaunin noti muka sa sabo. Bakin sandar ne ya ba mu wuya. Fatarta an ƙona ta ta yi tauri, sai da muka ci ta da dutsen niƙa kafin wuƙar inji ta kama, sannan muka fitar da mazaunin boris. Saitin ya fi komai cin rai: ka bar kusoshi sako-sako, ka kai teburi wannan baki ka ɗaure, ka kai wancan ka ɗaure, agogon awo na manne kana kallon allurarsa. Ƙarfe shida na yi ya ce a kashe, maƙwabta na da haƙƙi.

Wasa ya tafi, amma sabon hali ya zo. Tsohon sukuru yana riƙe kansa, wannan kuwa santsinsa ya sa wuƙa tana iya jan teburi, hannun ya juya shi kaɗai, don haka ɓangaren da ba ka aiki da shi dole ka kulle. Lambobin jikin hannun ma sun tashi aiki. Da can tiredi biyar ne a inci guda, wato kowane zagaye milimita 5.08, yanzu 5 cif. Na sa masa na'urar awo mai allo. Da sanyi ya shigo kuma raɓa ta riƙa kwanciya a kan ƙarfen, sai shafa mai da lulluɓi kowane dare.

Yanzu dattawan nan suna kawo min ƙananan ayyuka ranar Asabar, na san gidajensu, sun san ba na taɓa komai lokacin sallar Juma'a. Na nuna wa maigidana na Panteka injin ta bidiyo, ya ce in aiko masa da irin sandar. Na ce, "Maigida, sai an ɗinka mata riga tukuna, ƙurar hunturu in ta haɗu da giris za ta cinye ƙwallayen." Ya ce in aiko kawai, akwai yaro mai ɗinkin kujerar mota a layinsu.