Na Sayi Mandolin "Na 1887" a Gwanjon Intanet

Mandolin na farko da na saya a gwanjon intanet, cinikin biri a sama na yi. Ina zaune a Ingila a lokacin, na fara koyon kiɗansa wajen wani maƙwabcina. Ga wanda bai san shi ba, ɗan ƙaramin abin kiɗa ne mai tsirkiya takwas, bibbiyu a jere. Samfurin birnin Naples na Italiya bayansa kamar rabin ƙwarya yake, an harhaɗa shi da siraran katako. Irin wannan na gani an sa a kasuwa, mai shi ya rubuta cewa na 1887 ne, gadon kakarsa. Ya ɗauki hoto ta ramin gaban, ga takarda manne a ciki, ga 1887 ɓaro-ɓaro. Na yi ta tayi har tsakar dare, sai da na zuba kuɗin da ya kusa hayar ɗakina ta wata guda.

Da kayan ya iso na kai wa wani dattijo mai gyaran kayan kiɗa ya sa masa sababbin tsirkiyoyi. Ko minti biyu bai yi da shi a hannu ba ya haska tocila ciki, ya ce in karanta kalmar da ke gaban shekarar. "Established" aka rubuta, wato shekarar da aka kafa gidan. Na kamfanin Suzuki ne na Nagoya a Japan, wanda Masakichi Suzuki ya fara a 1887. A kan takardar kuma akwai "Co., Ltd.", alhali sai a 1930 gidan ya zama kamfanin hannun jari. Dattijon ya duba fenti da maɗauran tsirkiya, ya ce nawa bai wuce na shekarun 1960 ko 1970 ba, lokacin da aka yi ta fitar da irinsa zuwa Turai da Amurka. Kamfanin bai yi wa kowa ƙarya ba, abin da ya rubuta gaskiya ne. Ni ne na yi wa rogo kallon kitse, mai sayarwa kuma ya ɗauki hoton yadda kalmar ta faɗa cikin inuwa. Ko da gangan ne, Allah masani.

Tun daga nan duk shekarar da na gani a jikin mandolin sai na tambayi kaina: shekarar mece ce wannan? Tsofaffin mandolin na kamfanin Gibson na garin Kalamazoo a Amurka su suka fi koya mini wannan karatu, don jikinsu cike yake da kwanan wata. Takardar ciki tana ɗauke da 1 ga Fabrairun 1898, ranar da Orville Gibson ya sami rajistar haƙƙin ƙirƙirarsa. To kamfanin kansa sai a 1902 aka kafa shi, kuma an ci gaba da buga wannan kwanan wata shekara da shekaru. Faifan da ke kare gaban daga karcewa yana da tambarin 30 ga Maris 1909, ƙarfen da ke riƙe shi kuma 4 ga Yulin 1911. Sau da dama na ga an sa mandolin guda a gwanjo da sunan "na 1898", alhali a hoto na uku ga tambarin 1911 yana kallon mai saye. Kwanan rajista abu ɗaya kawai yake gaya maka: ba a ƙera wannan ɓangaren kafin ranar ba.

Sai sandar ƙarfe da ake sa wa cikin wuya don kada ya lanƙwashe, wadda ake ɗaurewa ko sassautawa ta ƙarƙashin wani ɗan murfi a kai. Wajen 1922 Gibson ya fara sa ta. Idan ka ga murfin nan a kan wanda aka ce na 1915 ne, ko dai shekarar ba daidai ba ce ko an canja wuyan. Amma na taɓa yin kuskuren juya maganar, na ɗauka duk wanda ba shi da murfi ya girmi 1922, ashe mai araharsu, A-Jr, ba a sa masa sandar ba ko bayan nan.

Sauran alamun ba su da wuya. Ƙusa mai murɗi irin ta Phillips, mai gicciye a ka, sai a shekarun 1930 ta shigo, ko da yake ƙusa abar canjawa ce, ba ta isa shaida ita kaɗai ba. Tambarin ƙasar ƙira "West Germany" ba ya yiwuwa kafin 1949. "Made in Occupied Japan" na ƙarshen shekarun 1940 ne zuwa 1952.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne tarihin da sunayen kasuwanci ke ba wa kansu. Ɗauki Washburn. Suna ne da kamfanin Lyon & Healy na Chicago ya sa wa kayansa a shekarun 1880, daga sunan George Washburn Lyon, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin. A ƙarshen shekarun 1920 aka sayar da sunan, daga baya ya ɓace daga kasuwa, sai a shekarun 1970 wasu mutane daban suka farfaɗo da shi suna ƙera kaya a Japan. Duk da haka 1883 ake ambata a talla, kamar gida ɗaya ne ya yi ta aiki ba yankewa. Epiphone, wani sunan kayan kiɗa, ma haka: ana lissafi daga 1873, zamanin maƙerin kayan kiɗa Anastasios Stathopoulo a Smyrna (Izmir ta Turkiyya a yau), alhali sunan Epiphone daga ɗansa Epi ya samo asali a shekarun 1920 a New York. A 1957 ya koma ƙarƙashin masu Gibson, a 1970 aikin ya koma Japan. Suna kadara ce da ake saye a sayar, kamar lambar mota. Masu ƙira, ma'aikata da katako ba sa bin sa.

Na Italiya kuwa, takardar ciki ita ce abu mafi sauƙin ƙirƙira. Sunayen shahararrun maƙera irin su Vinaccia da Calace na Naples da Embergher na Roma suna ɗaga farashi, don haka an daɗe ana manna su a cikin na talakawan ƙira. Yanzu nakan nemi a turo mini hoton takardar a cikin haske sosai, in ga ko ta fi katakon da ke kewaye da ita tsabta, sannan hoton bayan kai da na maɗaura. Wanda ya ce kyamararsa ba ta da kyau, na bar masa kayansa.

Kwanan baya na ga wani Suzuki irin nawa sak, an rubuta 1887. Na aika wa mai shi saƙo cikin ladabi na yi masa bayanin kalmar. Ya yi godiya, bai gyara komai ba, kuma kafin a rufe gwanjon mutum biyu suna ta tsere a kansa. Nawa yana rataye a bango, kuma gaskiya muryarsa da daɗi. Da shi na koyi yawancin abin da na iya.