Bindigar kaka da ke ƙasan adaka: kada a goge ta, kada a harba ta

A wasu gidajen Birni da Zango, unguwannin Zinder (Damagaram) a Nijar, idan aka zo rabon gado aka buɗe adakar tsoho, ƙarƙashin riguna da rawuna akan tarar da wani ƙunshi: jar dara ta soji, lambobin yabo biyu ko uku, ɗan littafi mai rubutun Faransanci da gara ta fara ci, wani sa'in har da ƙaramar bindiga kwance a gidanta na fata. Abin da ke biyo baya shi ke ba ni takaici. Bindigar a kai wa maƙeri ya murje ta da takardar yashi har ta yi ƙyalli, wani saurayi ya ce bari a gwada a ji ko tana tashi, littafin kuwa a bar wa yara. Alhali littafin nan ya fi bindigar daraja, ita ma bindigar darajarta tana cikin rubutu da tabon da ake kankarewa.

Damagaram ta san ɗacin yaƙin da aka rasa. Sarki Tanimun ya tara bindigogi, ya sa an ƙera igwa a cikin birnin nan, amma a ƙarshen Yuli 1899, a Tirmini kusa da Zinder, rundunar ɗansa Amadu Kuran Daga ba ta iya tsayawa gaban bindigogin Faransawa masu saurin ɗuri ba. Suka shiga birni suna neman fansar hafsansu Kyaftin Cazemajou da aka kashe a 1898, sarki ya rasa ransa a Satumba 1899. Jikokin waɗanda aka ci a Tirmini su aka ɗiba soja, suka je suka ga Faransa da kanta ta faɗi a Yuni 1940, suka ga ta sake faɗuwa a Diyan Biyan Fu, a Vietnam ta yankin Indoshin, ranar 7 ga Mayu 1954, kafin Aljeriya ta suɓuce mata a 1962. Ƙunshin cikin adaka daga ɗaya cikin waɗannan ya fito.

Kafin komai, a ƙaddara cewa akwai harsashi a cikin bindigar, ko da tsohuwar gida ta rantse babu. A fitar da yara, a juya bakinta ga buhun rairayi ko katangar ƙasa mai kauri, ba daɓen siminti ba, don harsashi na tsalle a kansa. Yatsa kada ya kusanci kunama. Idan libarba ce mai ganga da ramuka shida, irin ta 1892, akwai ɗan marfi a dama bayan gangar: a ja shi baya, a tura gangar ta faɗo dama, a leƙa ramukan ɗaya bayan ɗaya. Idan mai gidan harsashi ce a cikin ƙota, a fara zare gidan harsashin, sannan a ja saman baya a duba cikin bututu. Nan ne ake yawan yin asarar rai: mutum ya zare gidan harsashi ya zaci shi ke nan, alhali guda ɗaya yana kwance a bututu. In tsatsa ta kama ta ƙi buɗuwa, kada a buga, kada a gasa ta a wuta. A bar ta yadda take, a kira jandarma.

Bindigar ɗuri ta baka, irin ta zamanin Tanimun, ita ma albarushinta ba ya mutuwa don tsufa. Akan zura siririyar sanda a hankali har ta tsaya, a yi alama a daidai baki, a fitar a gwada ta waje. In sandar ba ta kai ramin da wuta ke shiga ba, akwai ɗuri a ciki. Fuska da tafin hannu kada su tsaya saitin baki.

Tsofaffin harsasai ba abin ajiya ba ne, gurneti kuwa ko taɓa shi kada a yi.

Sai maganar doka, wadda ba ta da kwana. Tsufan bindiga ba ya fid da ita daga zama makami, kuma riƙe ta a Nijar ba da izini ba laifi ne. Babban gida ya je jandarma ko wurin 'yan sanda ya sanar, ya bar bindigar a gida har su faɗi yadda za a yi, kada ya saka ta a aljihu ya hau kabu-kabu. Akwai kuma hukumar tattara makamai ta ƙasa, CNCCAI. Mai yiwuwa ne a karɓe ta, shi ya sa ɗaukar hoto ya zama wajibi tun da wuri: gefen dama, gefen hagu, saman bututu, ƙasan ƙota, da kowane rubutu a kusa, da hasken safe a inuwa, a ajiye abin awo kusa da ita.

Rubutun shi ke faɗin asalinta. Wadda aka fi gani ita ce libarba ta 1892. A saman bututu an rubuta Mle 1892, a jikinta ta dama akwai sunan masana'antar Saint-Étienne da rubutun tafiyar tsutsa, a gefen bututu kuma harafin S da shekarar ƙira, misali S 1915. Harsashinta milimita 8, nauyinta kusan giram 840, kuma gangarta dama take buɗewa, saɓanin yawancin libarbobin duniya. Yayarta ta 1873 ta fi kilo guda, harsashinta milimita 11 mai baƙin albarushi, gangarta ba ta fitowa gefe. Ita wannan tun daga masana'anta fara take, ba a rina ƙarfenta ba, don haka mai cewa launinta ya goge bari a shafa mata baƙin fenti, ɓarna zai yi. Akwai Ruby, 'yar guntuwa mai nauyi, wadda Faransa ta saya da yawa daga maƙeran Eibar na ƙasar Sifen a yaƙin 1914, mai cin harsashi tara. Da yake maƙera da yawa suka yi ta, gidan harsashin wata ba lalle ya shiga wata ba, shi ya sa ake duba ko haruffan da ke jikinsa sun yi daidai da na bindigar. Sai 1935A, siririya mai baƙin fenti, wadda Jamusawa suka ci gaba da ƙerawa bayan sun mamaye Faransa, suka buga mata ɗan hatiminsu na gaggafa. MAC 50 mai milimita 9 ta zamanin Aljeriya ce.

Wannan yana gyara labarin gida. In an ce kaka ya dawo da ita daga yaƙin Hitila amma aka ga MAC 50 ce, to labarin ya haɗe yaƙi biyu. Kuma a sani, ƙaramin soja doguwar bindiga da adda yake riƙewa. Ƙarama ta hafsoshi ce da wasu masu igiya da masu kula da manyan bindigogi, kuma ranar sallama ana karɓe makami. Saboda haka wata bindigar ba daga fagen fama ta zo ba. Zinder ce hedikwatar mulkin Faransawa daga 1911 zuwa 1926, cike da soji da gardawan kumandan, hanyoyin da bindiga za ta bi ta shiga gida suna da yawa. Faɗin haka ba rage wa tsoho daraja ba ne.

In hukuma ta yarda a riƙe, ko za a miƙa ta gidan tarihi kamar na Boubou Hama a Yamai, aikin shi ne tsayar da tsatsa kawai. Tsatsa iri biyu ce. Mai duhu, santsi, kalar goro busasshe, ta riga ta zauna, a ƙyale ta. Ja mai gari, wadda ke ɓata yatsa, ita ce mai ci. A ɗiga mata man keken ɗinki, ɗigo biyar ko shida, a bari ya kwana, a kankare a hankali da tsinken itace, a share da tsumman auduga, a maimaita kwana uku ko huɗu. Man gyaɗa da man ja ba su dace ba, suna daskarewa su yi danƙo su kama ƙurar hunturu. Ruwan tsami da lemun tsami suna cinye rinin ƙarfe cikin mintoci, takardar yashi kuwa tana shafe lambobi, abin da ba ya dawowa. Mai kada ya taɓa itacen ƙota, yana baƙanta shi ya ruɓar da shi. Ɗan kakin zuma ya ishe shi. Kada a kwance kusoshi, bakinsu na fashewa da ƙarfen da bai yi daidai da su ba.

Gidan fata shi ne babban maƙiyi. Fata na shan laima a watan Agusta ta riƙe, sinadarin jima kuma yana cin ƙarfe, shi ne koren da ake gani a jikin maɓallan tagulla. A raba su. Bindiga a naɗe ta da farin ƙyallen auduga, ba leda ba, a sa a akwatin ƙarfe mai kwaɗo tare da 'yan ƙullin shan laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi, a ɗora a kan bulo nesa da bango. A duba sau biyu a shekara, farkon damina da bayan kaka.

Yanzu ga littafin. A shafin farko akwai suna, sunan uwa da uba, gari, shekarar ɗauka da lambar soja, a ciki kuma rundunonin da ya zauna, ranar hawa jirgin ruwa da ranar sauka, rauni in ya samu. Da wannan lamba ake neman takardun mutum a ma'ajiyar sojan Faransa da ke garin Pau, wanda kuma bai dawo ba ana iya neman sunansa a shafin Mémoire des hommes na intanet. A gwada rubutun suna iri-iri, don magatakardan Nasara yadda kunnensa ya ji yake rubutawa: Mahamadou, Mamadou, Maman. Wannan littafi shi tsofaffinmu suka riƙa ɗauka suna bin haƙƙinsu bayan dokar Disamba 1959 ta daskarar da fanshonsu, ba a daidaita shi da na Faransawa ba sai a 2007 da 2011, lokacin da akasarinsu sun riga mu gidan gaskiya. Kada a liƙe shi da salatif, kada a kai a rufe shi da roba mai zafi, a cire duk ƙarfen da ya yi tsatsa a jikinsa, a sa kowace takarda tsakanin fararen takardu biyu.

Lambobin yabo kuwa ƙyallensu ke magana, don haka ba a wanke shi, ba a sauya shi da sabo. Rawaya mai koren gefe babbar lambar soja ce ta ƙananan hafsoshi da sojoji. Shuɗi mai haske da jan gefe ta yaƙe-yaƙen ƙetare ce, irin su Indoshin. Ja mai koren zane ta yaƙin 1939 ce. In kuwa aka ga kore mai baƙin zane, bayan lambar an rubuta 1939 da 1940, wannan ta gwamnatin Vichy ce, gwamnatin Faransa da ta haɗa kai da Jamusawa, wadda ta mulki ƙasar nan har Nuwamba 1942, aka ba waɗanda suka yi yaƙin da aka rasa. Ba kasafai ake samunta ba, domin daga baya an hana sa ta.

Abu na ƙarshe ba ya cin ko dala: a zaunar da mafi tsufa a gidan, gwaggo ce ko baba, a kunna na'urar ɗaukar murya ta waya, a ɗora mata kayan a gaba ɗaya ɗaya. A tambaye ta wa ya kawo, yaushe, da wa suka tafi daga unguwa, wa ya dawo. A rubuta sunanta da ranar da ta yi maganar a takarda, a sa cikin akwatin tare da littafin.