Sunan gidan maƙwabciyata

Tun da na zo Ingila karatu, ban taɓa damuwa da ma'anar sunayen gidajen Turawa ba, sai makon jiya da wata dattijuwa maƙwabciyata ta roƙe ni in taya ta binciken asalin kakanninta a kwamfuta, saboda idanunta sun yi rauni. Sunan gidansu Fletcher, kuma a ranar na fahimci cewa asalinsa mai ƙera kibiya ne, daga kalmar Faransanci da ta shigo ƙasar bayan da Normandawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila da yaƙi a 1066, kamar yadda Smith yake nufin maƙeri, Taylor kuma tela.

Mun fara da rajistar haihuwa da aure ta gwamnati, wadda aka soma a 1837, sannan muka duba ƙidayar jama'a ta 1841, wadda a cikinta aka rubuta sunan kowane mutum da ke gida. Daga nan aikin ya yi wuya, domin sai an koma littattafan coci, waɗanda Thomas Cromwell, babban ministan Sarki Henry na Takwas, ya ba da umarnin a riƙa ajiyewa tun 1538, kuma malaman cocin kan rubuta suna yadda kunnensu ya ji, don haka mutum ɗaya kan fito da rubutu iri biyu ko uku.

Abin da ya ba dattijuwar dariya shi ne, duk kakannin da muka samo manoma ne da masu aikin masaƙa, babu mai kibiya ko ɗaya.