Shafi na bakwai

Shekara shida ke nan ina riƙe wa Alhaji littafin shago. Atamfa da shadda muke sayarwa a Kano, kuma ni nake zuwa sabunta inshorar gobara ta sitonmu duk watan Janairu. Aikin bai fi minti ashirin ba. In biya kuɗi, a miƙo mini rasit da wata takarda mai kauri, in dawo in jefa ta cikin durowa. Ban taɓa wuce shafin farko ba, inda sunan Alhaji yake da adadin da aka yi wa kayan inshora, naira miliyan 20.

A watan Maris na 2024 aka kawo wuta da ƙarfi cikin dare, waya ta yi tartsatsi, ɓangare guda na siton ya kama. Allah ya taƙaita, maƙwabta suka kashe ta kafin asuba. Muka lissafa dilolin da suka ƙone da waɗanda ruwa ya ɓata, asarar ta kai miliyan 10. Hankalina kwance, tunda goma ba ta kai ashirin ba.

Mutumin da kamfanin ya turo don ƙiyasta ɓarna ya ba ni mamaki. Bai daɗe a kan tokar ba, sai ya koma yana ƙirga dilolin da wuta ba ta taɓa ba, yana neman takardun sari. Har na yi masa tsegumi a raina, na ce wannan bai san aikinsa ba. Ashe ni ne ban san nawa ba.

Ya gama, ya ce kayan da ke siton daren gobarar sun kai miliyan 40. Gaskiya ya faɗa. Tun da aka saki naira, aka bar kasuwa ta riƙa yanke darajarta, a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 har ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma yawancin kayanmu daga waje suke zuwa. Yawan dilolin bai ƙaru ba, kuɗinsu ne ya ninka, ni kuwa ina ta sabunta tsohon adadi.

Sai ya buɗe mini shafi na bakwai. Sharaɗin ya ce in kuɗin kayanka ya fi abin da ka yi wa inshora, to ragowar kai ka ɗaukar wa kanka, kuma za a raba asara daidai da haka. Rabin kaya muka yi wa inshora, rabin asara za a biya, miliyan 5, sannan a cire wani kaso da tun asali takardar ta ɗora wa mai kaya.

Alhaji ya fusata, ya ce mu kai ƙara hukumar NAICOM, wadda ke sa ido a kan kamfanonin inshora. Lauyan da muka nuna wa takardar ya karanta, ya ce hukumar tana sauraron koke, amma wannan sharaɗin a fili yake, kuma ga sa hannunmu. Har yau ina ganin wakilin da ke karɓar kuɗinmu kowace shekara ya kamata ya tuna mana. Sai dai takardar a durowata take.

Da Janairu ta zagayo, kwana biyu na yi ina ƙirga kaya da farashin ranar. Kuɗin inshorar ya kusan ninkawa. Alhaji ya dubi lissafin, ya ce, "Akawu, talauta ni za ka yi?"

Na ce, "Alhaji, ko in karanto maka shafi na bakwai?"

Ya yi tsaki, ya ce in miƙo masa biro.